Ramin Hagu na Kwamfutar Auta

"Ni dai ka amsa mini, kai ka kashe ko ba kai ba ne?" in ji Yaya. Ta ɗora tafin hannu a kan akwatin kamar mai taɓa goshin yaro.

"Ban san a nan kika soka shi ba," Auta ya ce.

Ina kan kujerar bakin ƙofa ina gyangyaɗin ƙarya, kunnuwana a tsaye. 'Ya'yan wana ne su biyun, ni na yi musu wankan jarirai, don haka faɗansu ba ya wuce ni.

Tun jiya aka ɗauke wuta, firij ya koma kabad. Uban nasu ciwon suga gare shi, allurarsa kuwa ba ta shiri da zafi, kuma ko ta lalace ido ba ya ganewa. Da safe Yaya ta jera kwalaben allurar a ɗan akwatin sanyi mai igiya, ta soka igiyar a ramin hagu na kwamfutar Auta, ta wuce wajen aiki. Teburin kwamfutar yana jikin taga, rana ta wuni a kansa. Da ta dawo, akwatin da ɗuminsa kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

"Kwamfutar a kunne take, ta yaya rami ɗaya zai mutu?"

"Manhaja ce, Yaya. Ni nake gaya mata ramin da za ta ba wuta da wanda za ta hana."

Ya danna wani abu. Sai ga 'yar koriyar fitila ta kama a jikin akwatin, fankarsa ta fara kukan sauro. Ashe ɗan yatsa ɗaya ne tsakanin wana da maganinsa.

"To me ramin ya yi maka ka kashe shi?" in ji Yaya.

Auta ya saci kallona. Na buɗe ido ɗaya.

"Faɗi mana, ɗan nan, ba cinye ka zan yi ba," na ce.

"Gwaggo ce," ya ce da ƙasan murya. "Kullum a nan take cajin wayarta, batir ya ƙare ina tsakiyar aiki. Ni kuma da wane baki zan ce ta daina?"

Kun ji ɗan albarka. Kwana da kwanaki ina soka waya ba ta ɗaukar caji. Babu gidan da ban shiga ba a layinmu ina cewa mai shagon waya ya cuce ni, har matarsa ta daina gaishe ni. Ashe kunya ce ta ɗan da na goya.

"Yanzu kunyarka za mu ɗura wa Baba a sirinji?" in ji Yaya. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba ta a hasken taga. Ruwan garau, bai ce mata komai ba.

Daga ɗakin ciki wana ya yi gyaran murya. "Wai ba za a yi mini allurar ba ne? Abinci na hucewa."

Auta ya ce ai yanzu akwatin zai yi sanyi, a ɗan jira.

"Sanyin yanzu zai gyara zafin ɗazu?" Yaya ta kwashe kwalaben cikin jakarta. "Zan kai wa mai kemis ya duba. In ya ce a zubar, Allah ya sa yana da wata. Kada wanda ya bari Baba ya sa loma a baki sai na dawo."

"Bari in raka ki."

"Zauna ka yi gadin ramukanka."

Hankalina a tashe yake, wallahi. Amma na ga akwatin ya zama wofi, ramin kuma yana da wuta, wayata ga ta a mace cikin zani. Hannuna ne da kansa ya zaro ta da igiyar cajinta, na nufi ramin. Daidai lokacin Yaya ta juyo ɗaukar makulli. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta fita ta buga ƙofar har igiyar ta faɗo daga hannuna.