Kifin Yaya Munkaila Ba Sa Cin Tuwo

Ni dai ban roƙi kowa ya bar mini amanar kifi ba. Ina zaman zamana Yaya Munkaila ya kira ni ɗakinsa, ya tsayar da ni gaban akwatin gilashin nan da ya fi gadon jariri girma, ya ce zai tafi Lome sayen kayan butik, wato shagonsa na kasuwa, ni zan riƙe masa su har ya dawo. Kifi huɗu ne masu faɗi kamar faifai, ja da shuɗi, wai sunansu diskus. Daga Kano ya ɗauko su cikin leda yana lallaɓawa kamar ƙwai, kuma tun ranar gidanmu na Matameye bai ƙara samun Yaya ba. Daga kasuwa sai kujera gaban gilashi. A kai masa tuwo ya huce, a ɗauke.

"Rahama, saurara da kyau," in ji shi. "Abincinsu ga shi a gwangwani. Abin da yatsa biyu suka tsakuro, safe da yamma. Wanda suka bari ki zuƙe shi da tiyo. Ruwan pampo kuma sai ya kwana a bido, jarkar nan, kafin ki ƙara musu. In ruwan nan ya gurɓace, mutuwa za su yi."

Na ce to. Me zan ce? Shi ne babba, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Abin da bai gaya mini ba shi ne yadda zan yi da Inna.

Mahaifiyarmu, Hajiya Shekara, ko kazar maƙwabta ta shigo gidanta sai ta koma da tsaba a maƙoshi. Kwanon Yaya ma kullum sai ta zuba ta rufe, yana gari ko ba ya gari. Ba a jima da tafiyarsa ba na shiga da safe na tarar da ruwan ya yi fari kamar an wanke gero. Na leƙa ƙasan gilashin, sai ga lomar tuwo zaune abinta tana narkewa, har da ɗan miyar kuka a gefe.

"Inna, wa ya ba kifin nan tuwo?"

"Ni ce. Daga kwanon Munkaila na gutsuro musu," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Abin da kike ba su ko kiyashi ba zai ƙoshi ba. Ba kya ganin yadda suka shafe, ba ciki ba baya?"

"Haka Allah ya yi su, Inna."

"Haka yunwa ta yi su dai. Baƙo ba ya kwana da yunwa a gidan nan."

Na ɗauki tiyo na zuƙe ƙazantar har ruwan ƙarni ya shiga bakina, na yi ta jigilar bido sai da bayana ya ƙage. Na zaunar da Inna na yi mata bayani dalla-dalla, cewa abincin da ya rage shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan. Ta ce ta ji. Washegari ƙosai na tsinta. Na kulle ɗakin, na manta duk makullan gidan suna ƙulle a bakin zanenta. Aka koma ƙuli-ƙuli, aka koma fura. Ni ina ɗinki tana warwara, ga kuran, wato wutar lantarki, da ke ɗaukewa na'urar tace ruwan ta tsaya cak, ga Yaya da ke kira yana cewa in haska masa gilashi ya gani. Wallahi har addu'a na yi Allah ya dawo da shi ya karɓi kayansa in huta.

Ran kasuwa na fita na bar ruwan da ɗan duhu, da niyyar in na dawo in canza. Da na dawo bayan azahar sai na ga ruwa garau, kamar babu shi. Har na fara murna. Sai idona ya kai ƙasa, wani farin abu ya kwanta kamar gari, kifin kuma duk sun haura sama sun karkace, sun yi baƙi, suna ta buɗe baki.

Inna na tsaye a bakin ƙofa, fuskarta fal da jin daɗi.

"Na hutar da ke ɗaukar bido," ta ce. "Ku 'yan pampo ba ku san komai ba. Mu a Dungu ruwan tafki muka sha muka girma. Ko ya yi kamar kunu, ka jefa alimun a randa, laka ta kwanta, ka sha abinka. Babban dunƙule na sa musu."

Ban san lokacin da na yar da kayan cefane ba. Na kwashe rabin ruwan, na juye duk bidon da ya kwana, na ƙara kwashewa, ina yi ina faɗa, ni ma ban san me nake faɗa ba. Inna ta riƙe mini tiyo. Kafin la'asar uku sun kwanta. Ƙaramin cikinsu kaɗai ya miƙe, ya laɓe a lungu.

Muna zaune, matattun na cikin tasa a tsakaninmu, sai waya ta yi ƙara. Yaya ne. Na ɗauka na buɗe murya yadda Inna za ta ji, don ban ga dalilin da zan sha faɗan nan ni kaɗai ba.

"Rahama, ya kifina? Sun ci? Haska mini ruwan."

Ko sallama bai ƙarasa ba. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana murza makullan zanenta. Nan take haushin da nake ji ya sauya gida.

"Uku sun mutu, ɗaya na nan," na ce. "Inna ma tana nan lafiya, tunda ba ka tambaya ba. Tun da ka tafi ba ka tambaya ba."

Ya ja numfashi zai fara, sai Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"Munkaila, ni ce na kashe maka baƙi, kada ka ga laifin yarinyar nan. Na ga ka bar cin na hannuna, su kaɗai kake kallo, shi ne na ce ko su su ci. Ka yafe mini." Ta ɗan tsaya. "Kai fa, ka ci abinci kuwa?"



"Ban ci ba tukuna, Inna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To tashi ka nema, yamma ta yi."

Ta miƙo mini wayar, ta shiga madafa ta ɗauko kwanonsa a rufe yadda ta zuba shi tun rana, ta tsaya da shi a hannu tana duban gilashin, tana dubana. Har lokacin haushi bai sake ni ba, tuwon ma ya huce. Na wanke hannu na ce ta kawo in ci.