Akwatin da Aka Sa wa Ido

Mai gyaran rediyon nan na bakin kasuwa yana kaɗa jita tun yana saurayi, amma a ɗaki kawai, kuma matarsa kaɗai ke ji. Shi ya haɗa wa jitar wani ɗan akwati da gwangwanin alewa da kayan cikin matattun rediyoyi. A saman gwangwanin akwai abin murɗawa guda, irin na ƙara murya. In yana kaɗawa, ita ke zama gefensa tana murɗawa a hankali, sai sautin ya buɗe ya rufe, kamar mai kira daga ƙetaren kogi. Aikinta ne tun suna ango da amarya, don shi hannuwansa biyu na kan tsirkiya.

Sai ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu, suka kanannaɗe, ko maɓallin riga ba ta iya sawa. Ranar da abin murɗawar ya zame mata, sai ta juya fuska bango. Tun daga nan in ya ɗauko jita sai ta ce kanta ke ciwo. Jitar ta koma bayan ƙofa, ɗakin ya yi musu faɗi.

Ya shiga neman dabara a shago. Abin murɗawa dai ba sihiri ba ne, hanya ce da ake tsawaita wa wuta ko a gajarta mata. Ya goga fensir a kan kwali har ya yi baƙin layi mai kauri, ya maƙala waya ɗaya a ƙarshensa, ɗayar kuma a riƙa jan ta bisa layin. Abin ya yi, sai dai yana ƙara kamar ana taka tsakuwa, kuma jan wayar ma yatsu yake so.

Ana nan wani ya kawo gyaran fitilar ƙofar gida, irin mai kunna kanta da magariba. A cikinta akwai ɗan ido kamar ƙwayar wake: in haske ya yi yawa ya buɗe wa wuta hanya, in inuwa ta faɗo ya matse ta, da haka fitilar ke gane dare ya yi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya nemo irinsa, ya cire abin murɗawar, ya liƙa idon da dalma a gurbinsa. Ya gwada ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago da haskensa ba ya motsi, komai ya tafi daidai.

Da la'asar ya koma gida ya ajiye gwangwanin a kan gado, kusa da taga.

"Injiniya, ka yanke masa hanci ne?" in ji matar.

"Ido na sa masa, Gimbiya. Ba sai kin kama komai ba, ki dai wuce da hannu ta samansa."

"Da hannun nan kamar saiwar bishiya? Kai dai kaɗa abinka."

Ta cusa hannuwan cikin mayafi. Ya ɗauko jitar daga bayan ƙofa, ya fara kaɗawa.

Sai sautin ya motsa da kansa. Ya buɗe, ya lumshe, ya yi nisa ya dawo. Labule ne iska ke kaɗawa, inuwarsa na shafar idon. A shago bai yi tunanin taga ba. Tantabara ta gifta, sautin ya yi 'yar sallama. Gajimare ya rufe rana, kiɗan ya nutse kamar a ƙarƙashin ruwa, sannan ya taso a jiƙe. Ya miƙa hannu zai rufe tagar.

"Bar ta," ta ce.

Ta saurara ido a rufe. Can ya ga goshinta ya tattare, irin tattarewar da take yi in an zuba gishiri ya zarce.

"Labulen nan ba shi da kunne. Yana rufewa inda ya kamata ya buɗe."

"Shi na samu. Ba ya kuma ciwon kai."

"Ji ɗan rainin wayo. Tun ba a saƙa shi ba nake wannan aikin. Ɗaure shi gefe, ka koma farko."

Ya ɗaure labulen, rana ta kwanta a kan gado. Ta zaro hannun daga mayafi, ta ɗaga shi cikin hasken. Inuwar karkatattun yatsun ta sauka bisa ɗan idon a hankali, sautin ya sunkuyo yana bin ta.