Jar Waya a Gurbin Fiyus

Tun da aka sa dokar kulle saboda annoba, teburin cin abincinmu ya daina zama nawa. Kalilu, maigidana, ya jibge masa allon agogan jirgin sama, mu kuwa muka koma ci a ƙasa ni da 'yarmu Afnan. Malamin lantarki ne a jami'a. Shi da wani tsohon matuƙi, Pak Zul, sun daɗe suna harhaɗa ɗan jirgi mai kujera biyu a wata rumfa a bayan gari. Da cutar ta rufe hanya sai aka raba aiki: wayoyi na Kalilu ne, tashin farko kuma na Pak Zul.

Ni ban tambayi karatu ba, amma mutumin da aka kulle a bene na tara a unguwar Pantai Dalam a ƙasar waje, ba ɗalibai, wa zai koyar in ba matarsa ba? Ina yankan albasa yana min lacca. Altaneta ce ke cajin batir. In ta haukace ta turo wuta fiye da kima, akwai ɗan fiyus da zai ƙone ya kashe ta, kafin wayoyi su kama hayaƙi a sama inda ba gefen titin da za a faka. Har ya ce duk jirgin babu abin da ya kai ɗan fiyus ɗin nan amana.

To, ɗan amanar ne ya fara ba shi haushi. Ya ɗaura altanetar a baranda, yana juya ta da injin tsohuwar na'urar wanki, kuma duk gwaji sai fiyus ya ƙone. Na aljihunsa suka ƙare, shagunan kayan wuta a rufe. Rannan na fito daga kicin na gan shi yana murza jar waya yana cusawa a gurbin, irin yadda ake yi wa katawut a gida in ya ƙone. Haka aka yi a gidanmu na Gusau, kuma ɗakin Gwaggo ya ƙone ƙurmus, da kyar aka fito da ita.

Na yi magana. Ya ce na ɗan lokaci ne, laifin injin wankin ne, ba na kayan jirgi ba. Sababbin fiyus suka iso, ya sa ɗaya, shi ma ya ƙone. Ya mayar da wayarsa, ya rufe murfin, ya buga wa Pak Zul ya ce aiki ya kammala. Na san Kalilu, ba mugu ba ne. Kunya ce kawai ta hana shi cewa wani abu ya gagare shi, musamman a gaban mutumin da ke kiransa Dakta cikin girmamawa.

Na sake magana, sau ba adadi, har ya fara amsa min da "Okay lah, na ji." Ya ce in an ɗora a jirgi zai canza da hannunsa. Na tambaye shi ta yaya, tunda izinin fita unguwa ma ba shi da shi. Sai ya shiga wanka. Tsoro ya hana ni sukuni. An raine ni a kan mace ba ta tona asirin mijinta, ko uwata ba na kai wa ƙararsa. Amma Pak Zul yana da jikoki, kuma matarsa ce ta riƙa aiko mana da abinci lokacin da Afnan ta kwanta zazzaɓi.

Da aka sassauta dokar, Pak Zul ya zo ɗaukar allon, da takunkumi a fuska da ledar kuih, 'yan kayan zaƙinsu na nan, a hannu. Suka naɗe shi da bargo suna raha. Har sun kai ƙofa na ji muryata ta fito, da Turancina na kasuwa, na ce wa Pak Zul ya buɗe murfin fiyus ɗin altaneta kafin ya tafi.

"Maman Afnan," Kalilu ya ce a hankali, "shiga ciki."

Ban shiga ba. Pak Zul ya durƙusa ya buɗe, ya zaro wayar, ya daɗe yana kallonta. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa ta a aljihun riga, ya yi godiya, ya ce zai ba wani ya bi wayoyin gaba ɗaya. Daga baya muka ji na'urar daidaita wutar ce ta lalace. Bai ƙara kiran Kalilu ba.

Kalilu bai ɗaga min murya ba, sai dai hira ta mutu a gidan. Tebur ya dawo nawa, kuma ban taɓa ƙin tebur irin haka ba.

Bayan watanni matar Pak Zul ta turo min bidiyo: ɗan jirgin ya ɗaga, ya zaga bisa gonakin kwakwar manja, ya sauka lafiya. Na miƙa wa Kalilu wayar ina ɗari-ɗari. Ya kalla, ya mayar baya ya sake kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Kujerar daman nan tawa ce," ya ce.

"Na sani," na ce.

Ya ajiye wayar a kan tebur ya fita baranda. Ni kuma na ɗauka na sake kallon wurin da tsohon ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙafafunsa.