Raunukan da Suka Wuce Biyar

Shekara uku Casimiro Tzoc yana riƙe da ƙarya guda, kuma ita ce ke riƙe da matarsa Petrona. Da aka tsinci gawar ɗansu Abelino a ramin bayan gonar kofi, mako biyu bayan sojoji sun tafi da shi, uban ne ya yi masa wanka shi kaɗai, ya buga wa akwatin ƙusa. Ya ce mata harsashi ɗaya ne, yaron bai ma san an yi ba.

Bana aka kawo masa gyaran siffar Yesu ta katako, wadda ake kwantarwa a akwatin gilashi a zaga gari da ita ran Juma'ar gicciye. Fentin ya dusashe, kuma duk garin ba masassaƙi sai shi.

"Malam Casimiro, a fito mana da jinin sosai," in ji Fadan cocin. "Mutanenka in ba su ga ja ba, ba sa kuka."

"Ai Fada, kukan ma ya ƙare musu," ya ce.

Wannan aiki ne da ya iya ko ido a rufe, raunuka biyar ne: tafin hannu biyu, ƙafa biyu, haƙarƙari. To amma hannun tsohon ya ƙi tsayawa a biyar. Sai da ya ajiye buroshi ya ga abin da ya aikata: ƙunar taba a ƙirji, shatar waya a wuyan hannu, yatsu uku ba farce, kamar yadda ya gani a jikin Abelino. Tsoro ya kama shi, ga shi fentin ya bushe, masu ɗauka sun iso. Ya lallashi kansa cewa rigar zinariya za ta rufe komai. Wauta ce kawai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Petrona ce babbar matan da ke shafe siffar da man ƙanshi kafin a sa mata riga, shekara talatin ke nan.

Da hantsi ya tsaya bayan ginshiƙin coci yana kallo. Audugar Petrona ta bi goshi, ta sauko ƙirji, ta tsaya. Ta ɗaga hannun katakon ta daɗe tana duban yatsun.

"Ƙawata, yi sauri, masu ganga sun gaji," wata ta ce.

Ba ta yi sauri ba. Kowace ƙuna sai da ta shafe ta, ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai tsoron fama ciwo. Sannan ta sa masa rigar, ta gyara rawanin zinariya, aka ɗaga shi sama ana waƙar Sarkin ɗaukaka, jama'a suka zube a gwiwa.

Ta zo ta tsaya gefen mijinta, ba ta dube shi ba.

"Tsoho," ta ce, "kwana nawa suka yi suna yi masa?"