Gam a Bakin Sifikar Baba

Sifikun Baba sun girmi Auta nesa ba kusa ba. Guda biyu ne, akwatunan katako masu nauyin tsiya, kowacce ta kawo mata ƙugu. Tun da ya yi ritaya, in ya ɗora faifai ya jingina da kujera ya lumshe ido, ko tari ba a yi a falon.

Ranar Asabar tana goge-goge ta cire murfin yadin da ke gaban ta hagun don ta kakkaɓe yana. Tsinin tsintsiya ya shige cikin soson da ya zagaye bakin takardar sifikar, ya yaga shi kamar rabin yatsa. Baba yana wanka. Ta ruga ta ɗauko gam ɗin da take liƙe takalminta, ta matsa, ya zubo fiye da yadda ta so. Ta danne wajen da babban yatsa har ya bushe, ta mayar da murfin.

Washegari sifikar ta fara ƙara. Duk sanda ganga ta buga sai a ji kamar ƙuda a cikin gwangwani.

"Aikin Injiniya ne," in ji Baba. "Bara ya canza min soson nan, ya rantse zai yi shekara ashirin. Kama min mu kai masa, Auta."

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta kama.

Injiniya abokin Baba ne tun suna samari, kuma ban da shi ba wanda ya taɓa sa sukudireba a jikin sifikun nan. Shagonsa lungu ne, rediyoyi matattu jere har rufi, ga warin dalma. Yana ganinsu ya ture tabarau sama.

"A'a, tsoho! Yau kuma wace ce ba lafiya, kai ko ita?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"To, sauke min amaryar taka a hankali."

Bai yi gaggawa ba. Ya fara haɗa ta da amfilifayar shagon, wai kada a ɗora wa sifika laifin inji. Ƙarar na nan. Ya bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa katakon ko wani ƙusa ne ya saki. Sannan ya kashe komai, ya baza yatsu huɗu a kan takardar, ya tura ta ciki a hankali. Ƙurus. Ya saki. Ƙurus.

"Ka ji? Ta karkace. Wayar da ke naɗe a bayanta tana gogar maganaɗisu. Ratar wurin ba ta wuce kaurin gashi ba, in ta kauce kaɗan shi ke nan."

"Wa ya karkatar da ita? Aljanu?"

Injiniya ya haska tocila a bakin soson. Ya tsaya. Ya kai hanci ya shinshina. Auta tana tsaye a bakin ƙofa, ta ga idonsa ya taso ta saman tabarau ya sauka a kanta, a kan hannun da ta dunƙule cikin mayafi. Ba hararar ta ya yi ba. Da ma hararar ya yi.

"Hannuna ne," ya ce. "Ka san tsufa. Ina jin da na zo liƙewa ban daidaita ta ba."

"Ka ji ko!" Baba ya juyo wajen Auta kamar ita ce shaidarsa. "Sai da aka ce min idonsa ya tafi, na ce ƙarya ne. Shekara arba'in ina yabonka a gari, ashe kwaɓa kake yi min. Da ka ce ba za ka iya ba, ai da na kai wa yaran zamani."

A nan wata mata ta leƙo da rediyo a hannu. Ta ji abin da ta ji, ta ce bari ta je ta dawo. Injiniya ya bi bayanta da kallo. Ya ɗauko reza ya fara kankare gam ɗin.

"Ka gyara wannan," in ji Baba, "daga ita kuma mun gama. Ko batir ba zan ƙara kawo maka ba."

A gida ma in baƙi suka zo ɗaki Auta take shigewa, muryarta ba ta saba fita gaban manya ba. Ta ce a ranta bari su koma gida tukuna. Ta ce gobe. Sai ta ga Injiniya ya ajiye rezar, ya goge tafinsa a wando, ya sake ɗauka.

"Ni ce."

Ba wanda ya ji. Fankar shagon ta fi ta murya.

"Baba, ni ce. Tsintsiya ce ta yaga, na sa gam ɗin takalmi."

"Ke, 'yata," Injiniya ya ce, "wa ya tambaye ki?"

"Kawu, don Allah ka bari."

Baba ya dube ta, ya dubi sifikar, ya dubi ƙofar da matar nan ta fita. Auta ta jira tsawa. Ba ta zo ba. Sai kawai ta ga ya laluba bencin da ke bayansa ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ita ta jawo.

"Kai kuma ka sani ka yi shiru ina ta zuba?" ya ce da Injiniya.

"Yo yaushe ka taɓa barin mutum ya sa baki?"

"Na ce idonka ya tafi."

"Ka faɗa. Har mai rediyo ta ji."

Injiniya ya ci gaba da aikinsa. Ya ɓamɓare soson gaba ɗaya, ya yanka siraran kwali ya zura su zagaye da wayar don ta tsaya a tsakiya, ya shafa nasa gam ɗin da ɗan buroshi, siriri kamar kwalli. Auta tana ta haɗiyar kuka.

Can Baba ya yi gyaran murya.

"Matar nan, ka san gidanta?"

"Bayan layin nan ne. Ƙofa mai shuɗin fenti."

Baba ya mayar da hularsa, ya miƙe da ƙyar.

"Tashi mu je, Auta. Ke ki faɗa mata naki, ni in faɗa mata nawa."