Gobe Na Ce Mata Ta Zo

Ku ne marasa imanin, ba ni ba — ku da kuka cika min ƙofar shago kuna leƙe, wai ga tela can tana rubuta jerin aikin sati alhali ambaliya na cin gangaren gari. To me zan yi? In je bakin gada in saki baki kamar ku? 'Yan sanda sun ɗaure igiya tun azahar, ko ƙafa ɗaya ba sa bari a ɗora...

Alli. Ina allin? Kai, ga shi a hannuna.

Litinin: wandunan makaranta shida. Talata: rigar malamar asibiti, a rage ƙugu, a sa aljihu biyu. Laraba... Laraba ta mai shagon magani ce, leshi ruwan toka, gidanta na can gangaren — akwai gidan ma yanzu? Rubuta dai. Ba wanda ya koya min ɗinki, tsofaffin riguna na dinga farkewa har na gane yadda ake haɗa hannu, shekara ashirin wannan allon ne ubangidana. Abin da na rubuta shi nake yi, ko ana ha-maza-ha-mata.

Wayar. Sake gwada lambar Yayata. Matar nan mai sanyin murya, wai ba a samun lambar a halin yanzu. Ke ma Allah ya... a'a, astagfirullah, me ta yi min?

Alhamis —

Sunan Yaya na can ƙasan allo, inda yake wata uku ke nan. In goge, in mayar ƙasa, in goge, har wurin ya yi fari fat. Haka kowane tela yake, na gida ne ƙarshe. Baƙo zai yi fushi ya kwashe yadinsa, 'yar'uwa ina za ta? Da hantsi ta kira, ina jin yayyafi na dukan kwanon ɗakinta. Wai Auta, na sa mayafi, in taho in karɓi rigata in wuni wajenki? Ni kuma allura ta karye min ke nan, baki ya riga hankali: Yaya don Allah kar ki zo ki zauna min a ka, gobe! Ta yi dariya. Wace goben, taki ko ta mutane? Sai ta cire mayafin. Na san ta cire, na san ƙusar da take rataye shi.

Gwiwar nan tata... matakala biyu sai ta tsaya ta huta. Ɗakinta kuma shi ne na ƙarshe a gangaren, bayansa rafi. Wani a waje yana cewa ruwan ya kai taga. Wani ya ce rufi. Ku yi min shiru! Mutum bai je ba, bai gani ba, sai baki kamar rediyo —

Ga rigar a ƙarƙashin tebur. Me ya rage? Kalmasa. Kalmasar ƙasa kaɗai, aikin minti goma. Minti goma! Da yanzu tana kan bencin nan ta miƙe ƙafa tana kushe min ɗinki, wai wuyan ya yi faɗi.

Juma'a... Allin ya karye biyu. To na goge Litinin, na goge duka, wanduna su jira. Can sama, da babban baƙi: YAYA — YAU.

Ba wuta, keken ɗinki na ƙafa zan hau. Zaren ya ƙi shiga allura, sau huɗu, ni da nake zura shi ido a rufe. In na gama kalmasar nan wayar za ta shiga. Haka ne. In na gama... in kuma na gama ba ta shiga ba fa? To taka a hankali. A hankali, kar ta ƙare...

Kuna ta cewa ruwa ne, ruwa ne. Ruwa bai ce mata ta zauna ba. Mayafinta na kanta, ni na sa ta cire. Kai da ke tsaye kana kallona, ke ma — ku ce ba haka ba ne. Ku faɗa mana, ina jin ku.