Wankan Maigida

Ina da wani ɗan hali da ban taɓa yunƙurin bari ba: ba na iya ganin mutum yana aiki ban gaya masa yadda ake yi ba. Har kafintocin Anloga na koya wa riƙon zarto, ni da ban taɓa yanka ko tsinke ba. Mutum ɗaya ce a duk unguwarmu ta Alabar shawarata ba ta shiga kunnenta, Yaya Memuna, matar wana marigayi Jibirin.

Jibirin falken goro ne. Wata shekara ya dawo daga Kintampo da kunkuru a cikin kwando, ya ce tsarabarta ke nan. Da Allah ya yi masa rasuwa bai bar mata ɗa ba, bai bar mata gida ba, kunkurun nan ya bari. Bayan ta fita takaba muka ji tana kiransa Maigida. Babu wanda ya yi dariya, a gabanta dai.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, gari yana ta kaɗe-kaɗe, Maigida ya daina cin abinci. Ta ba shi gwanda, ta ba shi ganyen gwaza da muke kira kontomire, har katantanwa da yake mutuwar so, sai ya shinshina ya juya. Wuni yake yana zagaya tsakar gida yana tonon gindin bango.

"Kabarinsa yake nema," in ji Humu, maƙwabciyarmu mai koko. "Dabba tana sanin ranarta."

Nan na gyara murya.

"Yaya, sanyi ne ya shige shi. A tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a yi masa wanka irin na mai jego."

"Kimba, farfesu kake so in yi da mijina?"

"Ai matan gidan nan duk haka aka yi musu, ga su nan garau."

"Mai jego tana da bakin ihu in ruwa ya yi zafi. Wannan kuwa sai ya dahu a cikin ƙoƙonsa bai ce maka uffan ba. Wanka kam za a yi. Matsa ka ba ni wuri, ƙanen miji sarkin sani."

Na matsa, amma ban tafi ba, kuma na gode Allah da ban tafi ba. Na ga wankan jarirai, na ga na amare, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Ba ta taɓa ruwan famfo ba, wai yana warin magani, sai ya kwana a buɗe. Ruwan sama ta ɗebo daga ganga, shi ma ba na farkon zuba ba, wanda ya wanko tsatsar kwano da kashin kurciya. Ta tace da farin ƙyalle.

"Duk wannan don wanka?" na ce.

"Shi ruwan wankansa shi ne ruwan shansa. Kai za ka sha naka?"

Ta zuba a akushin da ba ya kusantar madafa, ta ajiye a rana. Jim kaɗan sai ta tsoma gwiwar hannu ta girgiza kai. Ta sake tsomawa, ta yi shiru kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Ta ce in taɓa. Na taɓa na ce ban ji komai ba.

"Yawwa. Ranar da ka ji wani abu, zafi ko sanyi, ba nasa ba ne."

Ta janye akushin zuwa inuwa, ta ɗauko Maigida da hannu biyu ta saka. Ruwan iyakarsa haɓa, hanci yana waje. Na ruga ɗaki na kawo sabulun salo don in ba da tawa gudummawar, ta ce in kai wa wuyana, ya fi bukata. Asuwaki ta tauna ya yi laushi, ta bi ƙoƙon tsagi-tsagi tana yi masa hira a hankali, labarin farashin albasa da wanda ya mutu a unguwa. Ko Humu ta kira ta ba ta waiwaya, don in ya kife a ruwa shi ke nan. Da ruwan ya fara hucewa ta fito da shi, ta tsane shi, ta zubar a kwata, ta wanke hannunta da sabulun nawa.

Haka ta yi ta yi kullum da hantsi. Tallar tuwonta ta tsaya. Ni na zama mai ɗebo ruwa, aikin da ta ce ba ya bukatar baki.

Wata Laraba, Maigida yana fitowa daga wanka ya miƙe gindin bango ya kama haƙa da ƙafafun baya, haƙa na gaske. Humu ta fara salati. Yaya Memuna ta durƙusa, ta cire mayafinta ta yi masa inuwa, hawaye yana bin kumatunta, hannun kuwa ko motsi. Na tsaya a bayanta ina shirya kalmomin ta'aziyya, har na samo masu daɗi ƙwarai. Ina ta tunanin cewa da wana ya ga wannan, da ya san ba a banza ya ɗauko kwandon nan daga Kintampo ba.

Wajen la'asar Maigida ya mayar da ƙasa, ya daddanna, ya tako sannu ya wuce mu duka, ya kafa kai a ɓarin gwanda.

Yaya Memuna ta sa yatsa ta tone ramin a hankali. Ƙwai uku ne farare, Maigida ya saka.